Inda Jiki Ba Magayi Ba Ne

Duk wanda ya taɓa zama kusa da taga a jirgin sama ya ga wannan abu, sai dai ba kowa ya tsaya ya yi masa kallo na biyu ba. An miƙo maka shayi a kofin takarda, ka ajiye a kan ɗan teburin da ke gabanka. Can jirgi ya karkata zai sha kwana, fiffike ɗaya ya nuna ƙasa, ɗaya ya nuna sama, gonaki da rufin kwano suka cika tagar. Dubi shayin nan. Ko gezau. Bai zube ba, bai ma jingina da gefe ɗaya na kofin ba. Kai ma da za ka rufe ido, ba abin da zai gaya maka an karkata, in ban da ɗan nauyin da za ka ji ya ƙaru a mazauninka.

Dalili kuwa, idan matuƙi ya sha kwana yadda ya kamata, jan da ƙasa ke yi wa abu da turin da kwanar ke yi masa zuwa waje sukan haɗu su danna komai zuwa daɓen jirgin, ko ina daɓen ya fuskanta. Wannan hutu ne ga fasinja. Amma matuƙin da ke gaba jikinsa irin naka ne, bai fi ka jin karkatar ba. Abu ɗaya ke gaya masa gaskiya: idonsa, da layin nan na can nesa inda sama ta haɗu da ƙasa. To ranar da layin ya ɓace fa?

A wajenmu ba sai an jira gajimare ba. Da hunturu iska kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda busasshen gindin wani tsohon tafki ne, ta baza ta a kan Maiduguri da Kano da Sakkwato da Damagaram. Rana ta yi fari fat har ka iya kallonta ido da ido. Mu na ƙasa, hazo a wurinmu tari ne da kaushi da jinkirin jirgi. Na sama kuwa, sama da ƙasa ne suke zame masa launi guda, toka-toka. Yana iya leƙawa ya hango ɗan abin da ke daidai ƙarƙashinsa, amma gabansa babu layin da zai daidaita fukafukansa da shi.

Shi ya sa a doka tuƙin jirgi iri biyu ne. Akwai tuƙi da ido, wanda shi lasisin farko ke ba mutum: ka nisanci gajimare, kuma a kewayen manyan filayen jirgi sai ana iya hangen kilomita 5. Akwai kuma tuƙi da na'ura zalla, wanda sai an koma an yi masa karatu na daban da jarrabawa ta daban, sannan a buga wa mutum shi a cikin lasisinsa. Ma'aunin hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, shi ne mutum ya yi aƙalla awa 50 yana tuƙi daga gari zuwa gari a matsayin shugaban jirgi, da awa 40 na tuƙi da na'ura. A Najeriya, makarantar da aka fi sani da wannan karatu ita ce Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Mutanen Palladan da Samaru sun saba da ƙugin ƙananan jiragenta har ba su ɗaga kai. Abin da ba a gani daga ƙasa shi ne, wata rana gari garau, babu hazo babu hadari, amma ɗalibin da ke riƙe da jirgin nan bai ga Zariya ba tun da ya tashi. An sa masa wata hula mai dogon baki, ko tabarau da aka dushe samansa, ta yadda ba ya ganin komai sai allon na'urorin da ke gabansa. Malami na zaune a damansa, shi ke duba waje.

Awa 40 ba wani yawa ba ne a takarda. Kuma hannun ɗalibi ya riga ya iya tuƙi. Abin da ake yaƙi da shi yana cikin kunnensa.

A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da 'yan gashi a gindinsu. In kai ya juya, ruwan kan ɗan yi nawa, ya tanƙwara gashin, ƙwaƙwalwa ta ce ana juyawa. Kowane yaro ya san aibin wannan tsari ba tare da an koya masa ba. Yara in suna wasan hajijiya a tsakar gida, su yi ta juyi sannan su tsaya cak, sai gidan ya ƙi tsayawa, su zube suna dariya. Ruwan ne ya riga ya ɗauki gudu, kai ya tsaya shi bai tsaya ba. Haka abin yake a jirgi. In kwana ta daɗe kamar sakan 20, kunne kan daina jin ta, ya ce an miƙe. In matuƙi ya daidaita jirgin ya miƙe da gaske, kunne ya ce yanzu ne aka fara kwana zuwa ɗaya ɓangaren. In kuma fiffike ya sulale a hankali, ƙasa da kimanin digiri 2 a sakan, kunne ba ya ma sanin an yi. Akwai wata kuma da ta fi waɗannan mugunta: jirgi in ya ƙara gudu da ƙarfi, jiki kan ji kamar hancin ya ɗaga sama fiye da kima, sai hannu ya so ya danna shi, alhali ƙasa tana kusa.

Muna cewa jiki magayi, kuma a ƙasa haka ne. A cikin gajimare jiki na magana, da ƙarfi ma, da cikakken tabbaci, sai dai ƙarya yake yi. Matuƙan farko sun daɗe ba su yarda da haka ba. Sa'ad da jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano a Nuwamban 1925, da ido da taswira da kamfas suka zo, kuma a zamanin nan gwani shi ne mai cewa a jikinsa yake jin jirgi. Shekara guda bayan haka, wani likitan soja a Amurka, David Myers, ya ɗora wani tsohon matuƙi mai suna William Ocker a kan kujera mai juyawa, ya rufe masa ido, ya ce ya faɗi inda ake juya shi. Ocker ya kasa. Sai ya je ya sa na'urar nuna kwana a cikin wani akwati da ɗan haske, ya dawo ya cusa fuskarsa ciki, aka sake juya shi, ya faɗi daidai, domin wannan karon allurar yake karantawa, ba jikinsa ba. Daga baya shi da abokin aikinsa Carl Crane har tantabaru suka rufe wa ido suka sako daga jirgi. Tantabarun ma sun rikice. Tsuntsu da kansa da ido yake tashi.

Ranar 24 ga Satumban 1929, a filin Mitchel kusa da Niyok, Jimmy Doolittle ya shiga kujerar baya ta wani ƙaramin jirgi, aka lulluɓe shi, ya tashi, ya kewaya, ya sauka, bai ga waje ba ko sau ɗaya. Wani matuƙi, Ben Kelsey, na kujerar gaba saboda ko-ta-kwana, amma bai taɓa komai ba. Na'urorin da Doolittle ya dogara da su, jikokinsu ne a gaban ɗalibin Zariya yau.

Akwai lambar da malaman tuƙi ke son faɗa wa sababbin ɗalibai: 178. A 1954 Jami'ar Illinois ta ɗauki matuƙa 20 waɗanda ba su da horon tuƙi da na'ura, ta rufe musu ganin waje a cikin jirgi yana tafiya, malami na gefe. Duka 20 jirgin ya ƙwace musu. Wani sakan 20 ya yi, wani ya kai 480, matsakaicinsu 178, ko minti uku bai cika ba. Kusan dukansu hanya ɗaya suka bi. Fiffike ya sulale ba a ji ba. Hanci ya sunkuya. Gudu ya ƙaru, iska ta fara shewa, ma'aunin tsayi na raguwa. Matuƙi ya ga yana sauka, ya yi abin da kowa zai yi, ya ja sanda don ya ɗaga hanci. Amma jirgin a karkace yake, jan nan sai ya ƙara matse kwanar, ya ƙara saurin faɗuwa. Shi kuwa yana jin nauyi ya danne shi a kujera, jikinsa na ce masa ai hawa yake yi. Abin da masu bincike suka ce ya sami John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ke nan a daren 16 ga Yulin 1999, a kan teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard, dare ne mai hazo, ba layi ba fitilu, shi kuma bai gama wannan karatu ba. Ya rasu tare da matarsa da yayarta.

To me ake koya wa ɗalibi a ƙarƙashin hular? Da farko, yawo da ido. A tsohon tsari na'urori shida ne a gabansa. Ta tsakiya a layin sama ita ce uwa: ɗan allo rabi shuɗi rabi ruwan ƙasa, da hoton fukafukai a tsakani, ita ce ke tsaya masa a madadin layin da ya ɓace. A hagunta ma'aunin gudu, a damanta ma'aunin tsayi, a ƙarƙashinta mai nuna alƙiblar da aka dosa, sai mai nuna saurin kwana da mai nuna saurin hawa ko sauka. Sababbin jirage sun tattara su a allon gilashi guda, amma jerin bai canza ba. Ido zai taɓa ta tsakiya, ya leƙa tsayi, ya dawo tsakiya, ya leƙa alƙibla, ya dawo, haka har a sauka. Cutar sabon ɗalibi ita ce ƙura wa abu ɗaya ido. Ya ga ya zarce tsayinsa da ƙafa 100, ya zuba wa allurar ido yana gyara, kafin ya farga jirgi ya bauɗe digiri 20 daga hanya. Ya koma gyaran hanya, tsayi ya sake kuɓucewa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a duk horon nan shi ne ganin ɗalibin da kunnensa ya ruɗe shi amma ya ƙi bin sa. Na'ura ta ce fukafukai daidai suke, jiki ya rantse an karkata hagu. Sai ka ga ya riƙe jirgin a miƙe yadda allo ya ce, shi kuwa ya langaɓe a kujera zuwa gefe guda, kafaɗa na neman taɓa ƙofa. Jin ba ya tafiya don an san ƙarya ne. Ba a warkar da shi, kyaftin mai furfura ma yana jin sa. Abin da ake koyo shi ne a bar shi ya yi ta surutunsa, hannu kuma ya bi allo.

Malami ba ya jira ruɗun ya zo da kansa, yakan kira shi. Da Turanci ake maganar, don shi ne harshen aikin, amma ma'anarta ke nan: "Jirgi na hannuna. Rufe ido, sunkuyar da kai." Sai ya yi ta wasa da jirgin, ya hau, ya karkata, ya sauka, har ya tabbata kunnen yaron ya birkice, ya bar jirgin a wani mugun yanayi, ya ce, "Karɓi jirginka." Ɗalibi ya buɗe ido a kan allo. Gudu zai fara dubawa. In yana ƙaruwa, hanci na ƙasa: rage wuta, daidaita fukafukai, sannan a ɗago hanci, kuma ba a sauya wannan jeri. In yana raguwa, hanci na sama: ƙara wuta, sauke hanci, daidaita fukafukai. Wasu a nan suke fara sanin amfanin 'yar jakar aman da ke aljihun kujera.

Mai karatu zai iya cewa ashe darasin shi ne a ba na'ura gaskiya ido rufe. Ba haka ba ne, kuma nan ne karatun ya yi zurfi. Na'ura ma tana ƙarya. A ƙananan jirage masu tsohon tsari, ta tsakiyar nan da wani famfon iska take aiki. In famfon ya mutu, ba ta mutuwa farat ɗaya a gane. A hankali take langaɓewa, tana nuna kwanar da babu ita, matuƙi na bin ta. Ma'aunin gudu kuwa da wani siririn bututu yake shaƙar iska daga waje, ƙanƙara na iya toshe shi, ƙwaro ma haka. A Fabrairun 1996 wani Boeing 757 ya tashi da dare daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika ya faɗa teku da mutum 189. Ma'aunin gudun kyaftin ne ya yi ƙarya, na mataimakinsa lafiya lau yake, kuma masu bincike sun fi kyautata zaton zanzaro ne ya yi gini a bututun sa'ad da jirgin ya yi kwanaki a ajiye. Saboda irin wannan, ana cikin tafiya malami zai miƙa hannu ya manna takarda a kan na'urar tsakiya, ya ce ta mutu. Dole ɗalibi ya haɗa labarin daga sauran: in alƙibla ba ta canzawa, fukafukai daidai suke, in tsayi da gudu sun tsaya cak, hanci daidai yake. Ba a yarda da maganar na'ura ɗaya sai wata ta gaskata ta.

Ba duka ake yi a sama ba, don man jirgi da tsada. Wani kaso na awoyin a na'urar kwaikwayo ake yin sa. Ta farko da ta yi suna Edwin Link ne ya ƙera ta a 1929, da mafuran iska irin na kayan kiɗan da masana'antar mahaifinsa ke yi, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000.

Riƙe jirgi a miƙe rabin aiki ne. Saura a san inda ake, a kuma sauka. Ɗalibi zai koyi kama tashoshin rediyon da ke nuna hanya, ya saurari haruffan da kowace ke bugawa don ya tabbata ita ce. Zai koyi maimaita wa hasumiya duk umarnin da ta ba shi, lamba da lamba. Zai koyi jiran layi a sama: minti ɗaya a miƙe, kwana ta minti ɗaya a kan digiri 3 kowace sakan, minti ɗaya a dawo, a sake kwana, iska na tura shi gefe yana lissafin yadda zai rama. Duk wannan hannu na tuƙi, ido na yawo, taswira na kan cinya. In abubuwa suka cakuɗe, ƙa'idar ita ce a fara da tuƙi, sannan neman hanya, magana ta zo a ƙarshe. Hasumiya za ta iya jira.

Akwai wata 'yar lamba da hasumiya ke bayarwa kafin sauka, nauyin iskar wurin a wannan sa'a, matuƙi ya murɗa ta a ma'aunin tsayi. Ma'aunin ba ƙasa yake gani ba, nauyin iska yake aunawa. Kuskuren lamba ɗaya kusan ƙafa 30 ne. Wanda ya ji 1003 ya murɗa 1013 yana ƙasa da inda yake tsammani da kusan ƙafa 300, kuma ba abin da zai ji a jikinsa.

Sai saukar kanta. A filin da ke da na'urar ILS, rediyo biyu ke fitowa daga wajen titin jirgi, ɗaya na nuna tsakiyarsa, ɗaya na shata gangara mai digiri 3, wato sauka kimanin ƙafa 300 a kowane mil na teku. A gaban matuƙi allura biyu ne, ta tsaye da ta kwance, aikinsa ya riƙe su a gicciye a tsakiya. Yana matsowa hanyar na ƙara tsukewa, gyaran da ya yi daidai a mil takwas ya yi yawa a mil ɗaya. A mataki na farko na wannan na'ura ana sauka har ƙafa 200 daga ƙasa, in dai hangen kan titin ya kai mita 550. Nan ake ɗaga kai. An ga fitilu, a sauka. Ba a gani ba, a ba da wuta a koma sama, babu "bari in ɗan ƙara kaɗan". Ƙafa 200 a irin wannan gangara ba ta fi 'yan sakanni ba.

Ina ganin da fasinjojinmu sun san wannan, da tsakin da ake yi a ɗakin jira da hunturu ya ragu, ko aƙalla ya sami inda ya dace ya nufa. In jirgi ya zo dab da Kano aka ji injin ya yi ƙara an koma sama, salati ya kaure, aka ƙare a Abuja, ba tsoro ne ya kama matuƙi ba, lambar da ke rubuce a takardarsa ce ta cika. Lambar kuma ba shi ya yanka ta ba, kayan da ke ƙasa ne suka yanka. Filin da ke da ILS mai babban mataki ana sauka cikinsa ko da hazo ya kusa rufe komai. Inda babu ita, ko tana nan ba ta aiki, sai an ga titi tun daga nesa da kuma tsayi mai yawa, sai hazon da bai kai ya kawo ba ya hana sauka.

A ranar jarrabawa mai jarrabawa kan yi shiru a daidai tsayin nan na ƙafa 200, bai ce a cire hula ba. Yana so ya ga ko hannun ɗalibi zai tafi ga wuta da kansa.

Kuma cin jarrabawar ba ya nufin an mallaki abin har abada, yana tsatsa. Matuƙin helikwaftan da ya faɗi da ɗan ƙwallon kwando Kobe Bryant da wasu mutum bakwai a Calabasas ranar 26 ga Janairun 2020 yana da wannan shaida a lasisinsa, da awoyi fiye da 8,000 a sama, amma aikinsa na yau da kullum tuƙi da ido ne. Ya shiga gajimare, ya gaya wa masu kula da zirga-zirga yana hawa zuwa ƙafa 4,000, a lokacin kuwa jirgin ya karkata hagu yana gangarowa. A dokar Amurka, wanda bai yi sauka shida da na'ura a cikin wata shida ba, haɗe da jiran layi da bin hanyar rediyo, ba shi da izinin shiga gajimare sai ya cike gurbin. Matuƙan manyan kamfanoni kuwa, a yawancin ƙasashe duk wata shida sai sun koma na'urar kwaikwayo, mai jarrabawa na zaune a bayansu da maɓallai, ya saukar da hazo, ya kashe injin guda, ya sa ma'aunin gudu ya yi ƙarya. Wanda ya kasa, komai yawan igiyoyin kafaɗarsa, ba zai sake ɗaukar fasinja ba sai an ƙara masa horo ya sake zama.